Girkin ganye ga wadda ba ta da lokaci: amsa ga wata 'yar'uwa daga Mabera

"Assalamu alaikum Malama. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Mabera da maigidana da yara huɗu. Tun da sassafe nike fita, ban dawowa sai bayan la'asar, wani makon kuma aikin dare gare ni. Abincinmu ya koma taliyar leda, sai shinkafa da miyar da na soya tun ran Lahadi, sai abin da aka sayo a hanya. Kullum ji nike kamar ana kora ta. Na ji kina cewa girki mai sauƙi da ɗanyen kayan lambu yana kwantar da hankali. Don Allah ta yaya? Ni da ban da lokaci, ban da lambu, gidan haya nike, ga zafin Sakkwato da ke kashe ganye kafin azahar. Ko dai wannan magana ta masu hutu ce?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba da ladan jinya, Ya sa albarka ga zuri'a. Idan na fahimce ki, abin da kike son sani shi ne ko mace mai aiki irin naki za ta iya komawa ga girkin ganye ba tare da ta ƙara wa kanta wahala ba, kuma ko da gaske wannan girki yana rage jin nan na ana korar mutum. Na daɗe ina koyar da girki da kimiyyar abinci, ina kuma da ɗan lambu a bayan ɗaki, don haka zan amsa miki da abin da na sani da abin da hannuna ya saba. A taƙaice, i, za ki iya, domin girkin ganye ya fi wanda kike yi yanzu sauri. Amma natsuwar ba a cikin ganyen take ba, tana cikin yadda ake tsara girkin da yadda ake cin sa.

Ina lokacin yake tafiya?

Mu duba miyar nan ta ran Lahadi. Sai kin gyara tumatir da tattasai da tarugu da albasa, a kai niƙa ko ki jira a kawo wuta, ki ɗora niƙan ya yi ta tafasa har ruwansa ya ƙone, ki tafasa nama daban, sannan ki soya har mai ya taso. Awa biyu sun tafi, wani lokaci fiye, a ranar da ya kamata ki huta. Ranar Laraba kuwa miyar ta sha ɗumame har ta yi baƙi, yara sun fara ture kwano. To alayyahu fa? Idan an yanka shi, minti biyar ya ishe shi a wuta. Ɗanyen guro, wato kuɓewa, bai wuce minti goma. Mun ɗauki soyayyar miya a matsayin girkin mai gaggawa, alhali ita ce mafi cin lokaci a duk abin da muke dafawa.

Iyayenmu a nan ƙasar Sakkwato ba masu hutu ba ne. Suna daka, suna surfe, suna ɗebo ruwa, suna kaɗi, amma miyarsu ba ta ɗaukar rabin yini: sure (wato yakuwa), lalo, guro, kuka, ɗan daddawar kalwa ko ta batso, tonka (wato barkono), gishiri, shi ke nan. Wahalarsu tana wajen hatsi ne, kuma wannan wahalar injin niƙa ya ɗauke mana ita. Sai muka mayar da wahalar cikin tukunyar miya da hannunmu.

Akwai kuma wani ɓarawon lokaci da ba a lura da shi, wato tunanin me za a dafa. Mace tana kan keke-napep tana dawowa daga aiki, kanta na lissafin abin da ya rage a gida, abin da maigida zai ci, abin da auta ba ya so. Wannan lissafin yana gajiyar da mutum tun bai kunna wuta ba, kuma shi ke tura hannu ga taliyar leda, don ita ba ta buƙatar shawara.

Abin da ya sa sabon tsinka ya fi sauƙin girki

Ganye ba ya mutuwa da an tsinke shi. Yana ci gaba da numfashi, yana ƙona ɗan zaƙin da ya tara, yana zubar da ruwan jikinsa. Zafi kuma yana hanzarta wannan aiki: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurinsa aƙalla sau biyu. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris, Afrilu da Mayu, kin ga gaskiyarki ce da kika ce ganye na mutuwa kafin azahar. Abin da ke fara tafiya shi ne ɗanɗano da sinadarin bitamin C. Guro kuma ya yi tauri, ya ƙi yauƙi.

Daga nan matsalar girki ke farawa. Ganyen da ya kwana biyu a leda ba shi da daɗin kansa, dole mai girki ta cike giɓin da magi, da mai, da yaji, da doguwar suya. Wanda aka tsinko da safe kuwa albasa da ɗan gishiri da man gyaɗa sun wadatar da shi. Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba sai na gaya miki yawan masu hawan jini da ke zuwa asibiti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar dai ta ba da shawarar cin giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa kowace rana. Gidan da ke kan taliya da shinkafa da soyayyar miya ya wuce ƙa'ida ta farko, bai ko kusanci ta biyu ba.

Mu kuma Allah Ya yi mana ni'imar da manyan birane da yawa ba su da ita. Fadamar Rima tana bakin gari. Duk wanda ya bi hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Kwalkwalawa da rani ya ga lambuna hagu da dama. Ga Kware, ga Wurno, ga Goronyo da madatsar ruwanta, ga albasar Gada. Kayan da ake lodawa a mota a yi kwanaki da su a hanya kafin su isa Legas, mu da safiyar ranar da aka cire su suke iso mana Kasuwar Daji da Ramin Kura. Rashin lambu a gidan haya bai hana ki cin sabon tsinka ba.

Bin lokaci

Shawarar da ta fi kowace rage mini tunani ita ce barin kasuwa ta zaɓa mini. Abin da ya yi yawa a gaban masu kayan gwari, shi ne mai araha, shi ne sabo, shi za a ci. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ganye ne ko'ina: zogale, tafasa, rama, sure, lalo, alayyahu, ga guro, daga baya kabushi, wato kabewa, ya shigo. A daidai lokacin ne tumatir ke tsada yana ruɓewa, amma sai ki ga mace ta nace sai ta yi jar miya, tana faɗa da mai tumatir, ga ganye a gefenta kamar kyauta. Da sanyi ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, fadama ta buɗe: tumatir, tattasai, latas, kabeji, karas, lawashi. Lokacin kwaɗon latas da ɗanyen tumatir ke nan. Da bazara ɗanyen ganye yana ja baya, albasa ta yi yawa, sai a koma ga kuka, busasshen guro, kauɗar tumatir da gabu. Kada ki ɗauki busasshen kaya a matsayin gazawa. Dabarar mutanen ƙasar zafi ce, kuma miyar kuka mai daddawa tana cikin miyar da ta fi kowace saurin haɗuwa.

Girkin da nake nufi

Ba sabon abu zan koya miki ba, tuni kawai zan yi. Ɗauki kwaɗon zogale. A zage ganyen, a tafasa shi har ya yi laushi, a tsane, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, ɗan tarugu, gishiri kaɗan da cokali biyu na man gyaɗa. Idan an barbaɗa garin rogo ko aka haɗa da dafaffen wake, ya zama abincin dare cikakke. Rama ma haka, sai dai ita a zubar da ruwan farko saboda tsami. Zogale yana ɗan jimawa a wuta fiye da alayyahu, don haka ni nakan tafasa na kwana biyu lokaci guda, in matse, in ajiye rabi a wuri mai sanyi.

Faten tsaki shi ne abokin mai dawowa a gajiye, don tukunya ɗaya ce. Ruwa ya tafasa da albasa da daddawa da ɗan busasshen kifi, a zuba tsakin masara, idan ya kusa nuna a kawo dakakkiyar gyaɗa, a ƙarshe a watsa alayyahu da sure a rufe, a sauke. Kabushi idan akwai, a yanka shi ƙanana ya narke a ciki. Ya zo a hadisin Anas cewa ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana bin yankan kabewa a gefen akushi, kuma ni ina jin daɗin tuna wa yara wannan idan suka fara tsince ta suna ajiyewa gefe.

Shinkafar nan ma ba sai an rabu da ita ba. A dafa ta da wake, a yanka latas ko kabeji da tumatir da albasa a kai, mai da yaji. Ko taliyar ledar, idan dare ya yi kuma babu yadda za a yi, a rage garin ɗanɗanon da ke cikinta zuwa rabi, a watsa alayyahu cike da hannu biyu da ƙwai. Ban ce ita ce abin so ba, amma ta fi yadda take a da.

Abu uku nake roƙon ki kiyaye a wajen dafa ganye. Ganye shi ke shiga tukunya a ƙarshe, kuma a sauke shi yana kore. A rage kanwa: tana sa ganye laushi da kyan launi, tana ƙara wa guro yauƙi, amma tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B, sabon ganye kuwa bai buƙatar ta. Kada kuma a hana ganye mai gaba ɗaya, domin sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ke cikin zogale da alayyahu da karas, sai da maiƙo hanji ke iya ɗaukar sa. Ɗan lemun tsami a kan kwaɗo yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini, shayi kuma yana tauye shi, don haka a raba su da kamar awa guda. Wannan ya fi shafar mata masu haihuwa da 'yan mata.

Wanda za a ci ɗanye kuwa, kamar latas da kabeji, yana son kulawa ta daban. Ba kowane lambu ake ba ruwa mai tsabta ba, wasu manoman kuma suna fesa maganin ƙwari gab da cira. A ware ganyen ɗaya-ɗaya, a yar da na waje, a wanke da ruwa mai tsabta ana sauyawa har sau uku. Ruwan gishiri yana fitar da tsutsa da ƙasa, amma bai kashe duk ƙwayoyin cuta. Idan ana fama da amai da gudawa a gari, musamman da damina, a dafa komai, ƙananan yara kuma dafaffe ya fi musu a kowane lokaci.

Saye da ajiya

Tunda safiya ba taki ba ce, nemi mai kayan gwari ɗaya a unguwa ko a bakin wurin aikinki, ku saba. Idan ya san kina saye kullum, zai riƙa ware miki na safe ya ajiye a inuwa. Saye kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a mako ya fi lodin mako guda da rabinsa zai ƙare a shara. Da kin iso gida ki fitar da ganye daga leda, don leda a zafin nan dafa shi take yi. Kada ki wanke sai za ki dafa. Ki naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi ki ajiye gindin randa.

Idan wuta ba ta zama, akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malami daga Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa ake sakawa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafi daga ciki. Busasshiyar iskar Sakkwato ta dace da ita ƙwarai, sai dai a watan Agusta da iska ke da laima aikinta yana raguwa. Tumatir, tattasai, yalo, guro da ganye duk suna ƙara kwanaki a ciki. Albasa ba ta shiga, ita bushewa take so.

Lambu a gidan haya

Kina iya shuka a buhu ko tsohon bokiti da aka huda ƙasansa, ranar tashi ki ɗauki abinki. Ƙasa kashi biyu, takin dabbobi da ya ruɓe sosai kashi ɗaya. Ɗanyen taki ƙona shuka yake. Alayyahu ya fi komai saurin faranta rai, mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, kuma idan kika yanke sama kika bar gindin zai sake tohowa. Gindin albasa da kika saba yarwa, idan kika dasa shi zai ba ki lawashi. Na'ana'a reshe ɗaya ya isa. Zogale kuwa idan mai gidan ya yarda a dasa a ƙasa, a riƙa sare kansa daidai ƙugu don ya yi rassa, kada ya miƙe sama inda hannu ba ya kaiwa.

Na san ruwa kuɗi ne a unguwanni da yawa, ana saye wurin 'yan ga-ruwa. Ruwan alwala da ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye sun isa buhu biyu ko uku, ban da mai sabulu ko omo. A ajiye buhunan inda rana ke samun su da hantsi, inuwa ta rufe su da azahar, a kuma kare su daga awaki da kaji. Kada ki fara a watan Afrilu, zafi zai karya miki gwiwa. Ki jira saukar damina ko shigowar sanyi. Gaskiyar magana, buhu uku ba za su ciyar da mutum shida ba. Amfaninsu shi ne ɗan abin da za a watsa a tukunya, da minti biyar ɗin da za ki tsaya ba su ruwa bayan sallar asuba, da yaro ya ga inda abinci ke fitowa. Na lura yaron da ya ba alayyahu ruwa da hannunsa ba ya ƙin cin sa.

Inda natsuwar take

Nan ne zuciyar tambayarki. Zagar zogale aiki ne da ba ya karɓar gaggawa, kuma ba a yin sa da waya a hannu. Hannu biyu yake so, da zama. Wanda ya yini yana amsa kira daga gado zuwa gado, hankalinsa a rabe gida goma, idan ya zauna a tabarma minti goma sha biyar yana abu ɗaya tak, numfashinsa yana sauka, kafaɗunsa su saki. Na ga haka a kaina, na gan shi ga matan da nake koyarwa. Sharaɗin shi ne wayar ta zauna a ɗaki. Idan kina yanka albasa kina amsa saƙon WhatsApp na wurin aiki, girkin ya zama wani aikin a kan aiki.

Ki jawo yaran su zauna tare da ke, babba ya zage ganye, na tsakiya ya daka ƙuli, ƙarami ya ɗebo ruwa. Labarin makaranta da ba ya fitowa idan an tambaye su kai tsaye, a gefen tire yake fitowa. Idan an sauke kuma a zauna a ci tare, a ƙasa, ba kowa da kwanonsa gaban talabijin ba. Ganye da wake suna tilasta tauna, ciki kuma yana ɗaukar kimanin minti 20 kafin ya sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi, don haka mai ci a hankali ya fi saurin gane ya isa. Koyarwar nan ta raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, ba ta yiwuwa ga mai ci a tsaye.

Game da gajiyar tunani, ki zauna da maigida sau ɗaya ku tsayar da abincin dare huɗu ko biyar da gidan ya yarda da su, ku riƙa juya su. Ganyen da za a saka ne kawai zai riƙa sauyawa da lokaci. Shigar da shi cikin shawarar yana da muhimmanci, don sau da yawa cefane a hannunsa yake, kuma namijin da ya saba ganin jar miya da nama zai iya ɗaukar kwaɗo a matsayin an rage masa matsayi idan ba a yi maganar tun farko ba. Kada ki sauya komai a dare ɗaya. Fara da dare biyu a mako, miyar Lahadi ta ci gaba da zamanta, sai dai ki rage yawanta.

Iyakar wannan shawara

Ba zan ce miki kwaɗon rama zai gyara jadawalin aiki mai nauyi ba. Idan hannaye sun yi kaɗan a wurin aiki, ko aikin gida duka a kanki yake ke kaɗai, wannan magana ce da za a yi da mutane, tukunya ba ta warware ta. Idan kuma jin ana korar ki ya kai ga rashin barci, faɗuwar gaba, ko kuka ba dalili har na makonni, ki ga likita kamar yadda ke ma za ki gaya wa mara lafiyarki. Haka nan idan a gidan akwai mai ciwon ƙoda, ko mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, kada a ƙara masa ganye da yawa sai an tambayi likitansa.

Makon aikin dare kuma ki sassauta wa kanki. A irin wannan mako barci ya fi girki muhimmanci. Kafin ya kama, ki tafasa wake da zogale ki ajiye, ki daka ƙuli da yaji ki cika kwalba, ki nuna wa babban yaronki ko babbar 'yarki yadda ake haɗawa. Idan ma fura da nono aka sha aka kwanta, abinci ne mai kyau, gero ne da nono. Ranar da kika fito daga aikin dare na ƙarshe, da safe ne, daidai lokacin da kayan fadama ke isowa kasuwa, sai ki biya ki sayi na kwana biyu kafin ki wuce gida ki kwanta.